Tarihin Sabar Kiɗa ta Gida

Sabar kiɗa ta gida kwamfuta ce da aka keɓe wa aiki guda: ta adana waƙoƙin mai gida kakaf a rumbunta, ta tsara su, sannan ta miƙa su ga amfilifaya da lasifika ba tare da sautin ya ragu ba. Al'adar haɗa irin wannan na'ura da hannu ta kankama ne a Amurka da Turai a farkon shekarun 2000, tsakanin masu son sauti mai inganci da masu rubuta manhaja a lokacin hutunsu. Sai dai tushenta ya girme wannan zamani da shekara ashirin.

A watan Oktoban 1982 kamfanin Sony ya fitar da CDP-101 a Japan, na'urar farko da aka sayar don kunna faifan CD, wanda Sony da Philips suka haɗa kai wajen ƙirƙirarsa. Abin da ke kan faifan lambobi ne zalla. Ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da bit 16, na dama daban na hagu daban. Tun daga ranar kiɗa ya zama abin da kwamfuta za ta iya riƙewa, amma babu wurin zuba shi. Minti ɗaya na sautin CD yana cin fiye da megabayit 10, rumbun kwamfutar IBM XT ta 1983 kuwa megabayit 10 ne gaba ɗayansa. Ke nan da ƙyar zai ɗauki minti guda daga faifan da ke ɗauke da minti 74.

MP3 ne ya kawo sauƙin wannan ƙarancin wuri. Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka samo dabarar zubar da sassan sautin da kunne bai cika lura da su ba, har fayil ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na asalinsa. Manhajar Winamp ta fito a 1997, Napster ta biyo baya a 1999, miliyoyin mutane suka saba da jin waƙa daga kwamfuta. Masu manyan lasifikoki dai suka yi kunnen uwar shegu da lamarin. A ganinsu duk abin da aka zubar ya tafi ke nan, kuma a matsewar da aka fi yi a wancan lokaci, wato kilobit 128 a daƙiƙa, suna da gaskiya: ƙarar kuge da tafin jama'a sukan fito a dagule.

Abubuwa uku ne suka sauya ra'ayinsu, kuma dukkansu sun zo cikin 'yan shekaru. Na farko shi ne kwafar faifai daidai. Faifan waƙa ba shi da ƙarfin gyaran kuskure irin na faifan bayanai, don haka na'urar karatu takan yi cikon ƙiyasi idan ta ci karo da ƙarzuwa, ta wuce ba ta faɗa wa kowa ba. A 1998 wani Bajamushe mai suna Andre Wiethoff ya fitar da Exact Audio Copy, manhajar da ke maimaita karatun kowane yanki har sai sakamakon ya zo ɗaya, in kuma abin ya faskara ta ba da rahoto. Daga baya tsarin AccurateRip ya ƙara wata hikima: a gwama kwafin mutum da na sauran waɗanda suka kwafi faifai iri ɗaya a duniya, in lissafin ya dace to babu kuskure. Na biyu shi ne FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar da cikakken sigarsa ta farko a 2001. Yana rage girman fayil zuwa wajen rabi ko kashi biyu cikin uku, amma idan aka warware shi kowane bit yana dawowa yadda yake. Apple ma ya kawo nasa, Apple Lossless, a 2004. Na uku, faɗuwar farashin rumbu. A 2007 Hitachi ya fitar da rumbu mai terabayit ɗaya, wanda zai haɗiye faifai sama da dubu biyu a tsarin FLAC.

Akwai wata wahala da ba a cika ambata ba, alhali ita ta fi cin lokaci. Yawancin faifan CD ba sa ɗauke da sunan mawaƙi ko na waƙa; abin da kwamfuta ke gani kawai yawan waƙoƙin ne da tsawon kowace. Rumbun bayanai na CDDB ya yi amfani da wannan tsawon wajen gane faifai, jama'a kuma suka riƙa shigar da sunaye kyauta. Da aka mayar da shi haja a ƙarƙashin sunan Gracenote, masu sa kai suka fusata, aka kafa freedb, Robert Kaye kuma ya kafa MusicBrainz. Duk da haka gyaran sunaye bai bar masu saba sun huta ba, musamman ma'abota kiɗan gargajiyar Turai, inda faifai ɗaya ke da mai tsara kiɗa, da jagora, da ƙungiyar makaɗa, da mai waƙa, kowanne kuma ana son a iya nemo shi da sunansa. Rumbun da sunayensa suka hargitse tamkar kasuwa ce da ba a raba layuka ba: kaya na nan jibge, amma nemansu aiki ne.

Siffar da sabar ta ɗauka har yau ta fito ne daga wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya, Slim Devices, wanda Sean Adams ya kafa. A 2001 ya fitar da SliMP3, sai Squeezebox a 2003. Tunanin shi ne a raba aiki gida uku. Kwamfuta mai hayaniyar fanka ta zauna a wani ɗaki da waƙoƙin. Ƙaramar na'ura marar motsi ta zauna kusa da amfilifaya tana karɓar sauti ta wayar sadarwa ko ta iska. Zaɓen waƙa kuma a yi shi da rimot, daga baya da wayar hannu. Manhajar sabar a buɗe take ga kowa ya gyara, abin da ya tara mata ɗimbin masu taimako. Logitech ya sayi kamfanin a 2006, ya daina ƙera na'urorin a 2012, amma manhajar ba ta mutu ba, masu sa kai na ci gaba da rainonta da sunan Lyrion Music Server. A ɓangaren Linux, manhajar Music Player Daemon ta fito a 2003 da irin wannan rabon aiki. Sonos ya shiga kasuwa a 2005 da tsarin da ke kai kiɗa ɗaki-ɗaki ga wanda ba ya son wahalar haɗawa. Alamar da ta fi girgiza masu harkar ta zo daga Sukotland: kamfanin Linn ya fitar da irin wannan na'urar mai suna Klimax DS a 2007, sannan a ƙarshen 2009 ya sanar cewa zai daina ƙera na'urar kunna CD.

Wasu kuwa suka gwammace su jona kwamfutar kai tsaye da DAC, na'urar da ke mayar da lambobi sauti. Nan aka sha fama. Windows XP yana da sashen gauraya sautuka wanda kan taɓa lambobin kafin su fita, dole aka riƙa kewaye shi da direban ASIO na kamfanin Steinberg, har zuwan WASAPI a Windows Vista. Manhajoji irin su foobar2000, wadda Peter Pawłowski ya fitar a 2002, da JRiver sun samu karɓuwa ne saboda suna fitar da bit yadda suke. Matsala ta biyu ta lokaci ce. Bai isa lambobin su zo daidai ba, sai kowanne ya faɗo a kan lokacinsa, in agogon ya yi rawa sautin ya gurɓata. A farkon haɗin USB kwamfuta ce ke riƙe da ragamar lokaci, agogonta kuwa ba abin dogaro ba ne. Gordon Rankin na Wavelength Audio yana cikin waɗanda suka juya lamarin, DAC ya riƙe agogo, ya riƙa neman bayanai gwargwadon buƙatarsa. Na'urar DAC ta Ayre QB-9 ta 2009 ta yaɗa wannan tsari, ya zama ruwan dare cikin 'yan shekaru.

Daga nan sai ƙawa ta shigo. Cire fanka da sauya rumbu mai juyawa da SSD suna da hujja bayyananniya, domin ɗaki yakan yi tsit. Amma kebul ɗin USB ko na sadarwa mai tsadar ɗaruruwan daloli, da ake cewa yana faɗaɗa sauti, ba a cika samun awo ko gwajin rufe ido da ya goyi bayansa ba. Haka muhawarar fayiloli masu bit 24 da awo 96,000 ko 192,000, waɗanda shaguna irin su HDtracks suka fara sayarwa wajen 2008. A lissafi tsarin CD ya riga ya kai mitar 22,050, kunnen matashi mai lafiya kuwa iyakarsa wajen 20,000. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka wallafa gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, inda masu sauraro suka kasa bambance sauti mai babban awo da wanda aka rage zuwa ma'aunin CD. An soki yadda suka zaɓi faifan gwajin, kuma gardamar ba ta mutu ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne, ingancin aikin da aka yi a sutudiyo, da lasifika, da yanayin ɗaki sun fi yawan bit tasiri nesa ba kusa ba.

Raspberry Pi, kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba, ta fito daga Birtaniya a 2012 a kan dala 35, ta karya farashin harkar baki ɗaya. Aka yi mata manhajoji na musamman irin su Volumio daga Italiya da piCorePlayer, aka kuma ƙera ƙananan allunan DAC da ake ɗora mata a ka. A ɗaya gefen, tsarin sabar Roon ya fito a 2015 da kuɗin rajista, yana haɗa fayilolin mutum da hotuna da tarihin mawaƙa. Kamfanin Harman ya saye shi a 2023.

Sauraro kai tsaye ta intanet ya janye yawancin jama'a. Spotify ya fara a Suwidin a 2008, Qobuz da Tidal suka kawo sauti mai ingancin CD, Apple Music ya bi sahu a 2021. Waɗanda suka rage da sabarsu galibi masu tarin faifan da ba a samu a waɗannan dandamali ne, ko waɗanda suka gaji da ganin kundi ya ɓace saboda yarjejeniyar haƙƙin mallaka ta ƙare, ko mazauna wuraren da intanet ke yankewa. Tsarin da aka fi gani a yau ya haɗa biyun: akwatin rumbu a wani lungun gida, ƙaramar na'ura marar fanka kusa da amfilifaya, wayar hannu a matsayin rimot, fayilolin gida da na intanet a jeri ɗaya, sai kuma kwafi na biyu a wani rumbun daban saboda ranar da na farkon zai lalace.