Tarihin Jibiya a Bakin Dattawa, da Yadda Aka Koya wa Ɗalibai Ɗauko Shi

Duk wanda ya taɓa neman tarihin Jibiya a rubuce ya san ƙarancin abin da zai samu. Zai tarar da ƙasarmu a rahotannin Turawan mulki, a lissafin haraji da jangali, da kuma takardun shata iyaka da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a shekarun 1898 da 1904 da 1906, kafin jami'ansu su bi daji suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Amma abin da manomin bakin gulbi ya ji a ransa ranar da aka ce gonarsa tana ƙasar Ingilishi, gidan surukansa kuwa yana ƙasar Faransi, wannan babu Baturen da ya rubuta. Yana bakin jikokinsa, in ma ya kai gare su.

Ɗauko irin wannan labari sana'a ce da ake koyo, kuma tana da nata tarihin a ƙasar Hausa. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Daga nan littafin Baba of Karo ya fito a 1954, kuma har yau da wuya a sami inda aka bayyana rayuwar macen karkara, da aure da kishi da harin bayi, kamar yadda wannan tsohuwa ta yi. Sai dai wannan aikin baƙo ne. Mayar da abin hannun 'ya'yan ƙasa ya zo ne bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, inda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci Sashen Tarihi, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A wannan sashe ya zama al'ada ɗalibin shekarar ƙarshe ya koma garinsu da littafin rubutu, wani lokaci da rakoda, ya durƙusa gaban dattawa, sannan ya dawo Samaru ya rubuta kundi. A can Yamai ma an buɗe cibiyar tattara tarihin baka a 1968 da taimakon UNESCO.

Cikin waɗanda wannan makaranta ta yaye, wanda aikinsa ya fi shafarmu shi ne marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 2005. Kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1974 aka buga a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, ya bi tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883. Bai tsaya ga takardun Larabci da na Turawa ba. Ya bi garuruwa yana hira da mutane, har ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Maraɗi. Dole ce ta sa haka. Bayan Ummarun Dallaje da sauran masu jihadi sun karɓi birnin Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna sun koma arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari, musamman zamanin Ɗan Baskore, daga 1854 zuwa 1875. Ƙasar Jibiya na tsakiyar wannan fage. Yaƙi guda, in ka tambaya a Katsina za a ce maka harin maƙiya ne, in ka tambaya a Maraɗi a ce maka yunƙurin komawa gida ne. Ɗalibin da ya ji ɓangare ɗaya ya rufe littafi, rabin labari ya ɗauko.

Abin da Dokta Bala ya fi nanatawa shi ne a auna kowace majiya. Har Heinrich Barth, Bajamushen da ya ziyarci Katsina a 1851 da 1853, bai ƙyale shi ba: ya tambayi wa ya ba shi labari, da wane harshe, kuma wace manufa ta kawo shi. To, in an yi wa Bature mai littafi haka, dattijon da ke kan buzu ma sai an yi masa, cikin ladabi. Ganau ne ko jiyau? Daga wa ya ji? Gidansu na da rabo a sarautar da yake ba da labarinta? Wannan ba raini ba ne. A ganina raini shi ne a rubuta duk abin da tsoho ya faɗa ba tare da an ɗauke shi da muhimmancin da za a bincika ba.

Wata dabara da ake koya wa ɗalibi ita ce ta gano shekara. Tsofaffinmu ba da lambobi suke ƙirga ba, da aukuwa suke yi. Wanda ya ce an haifi mahaifinsa shekarar Kakalaba yana nufin yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Michael Watts ya ji labarinta lokacin da ya zauna a Kaita maƙwabciyarmu yana binciken da ya zama littafi a 1983. Wanda ya ce "El Buhari" a hayin Ɗan Isa yana nufin yunwar 1984, shekarar da aka canza kuɗi aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986. Suna ɗaya tak, amma ya ɗauko fari da siyasa da kasuwa gaba ɗaya.

Daga nan sai rubutu, wanda a nan ne yawancin yara ke tuntuɓe. Wasu su juye hirar yadda take, tambaya da amsa, har da tari. Wasu kuma su wanke ta da Hausar jarida har muryar mai maganar ta ɓace. Abin da ake so shi ne a jera labarin bisa lokaci, a bar wa tsohuwa kalmominta da karin harshenta na Katsinanci, a rubuta ranar hira da wurin, kuma inda mutum biyu suka saɓa a kawo duka biyun. Kafin a buga, a koma a karanta wa mai labarin, domin akwai maganar da ake faɗa wa jika a zaure wadda ba a so ta shiga kasuwa.

An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajajen 2009, aka ɗauki shekaru kafin a maido da shi, saboda haka akwai samarin da ba a taɓa aika su su tambayi kakanninsu komai ba. A daidai wannan tsakani abubuwa suka yi ta faruwa a kanmu: ambaliyar Yulin 2018 da ta ci rayuka fiye da 40, rufe iyaka a Agustan 2019 wanda bai ƙare mana ba sai Afrilun 2022, sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, da hare-haren 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka. Ƙauyen da ya watse, dattawansa kan watse da sunayen rijiyoyinsa da maƙabartunsa.

Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce a nemi malaman sakandarenmu su ba kowane ɗalibin babban aji tsoho ɗaya, mace ko namiji, a hutun ƙarshen shekara. Wayar hannu ta isa rakoda. A fara da waɗanda suka ga aikin madatsar ruwa, da tsofaffin direbobin hanyar Maraɗi, da matan da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari. Mafi kyawun rubutu guda uku a buga su a wannan mujalla baɗi, a kai kwafin sauran Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina.