Waƙa da Ramzi: Dabarun Hadda a Sakkwato

Malaman jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun yi aiki a zamanin da takarda ke da tsada, fatake ke ƙetaro hamada da ita, kuma kowane littafi sai an kwafe shi da hannu. Ilimin da ba a ɗaure a ka ba yana cikin haɗari. Igiyar da suka fi ɗaure shi da ita waƙa ce, domin kari da amsa-amo kan riƙe kowace kalma a gurbinta. In mai rerawa ya tsallake ɗaya, kunnensa ne zai fara gaya masa.

A Sakkwato, garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, babu wanda ya ci moriyar wannan dabara kamar ƙanwarsa Nana Asma'u (1793–1864). Ta tsara waƙa mai baiti 30 wadda ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114, da Fulatanci tukuna, sannan da Hausa a 1838. Aiki ne na gwaninta ƙwarai: jerin da kan wahalar da ɗalibi ya koma abin rerawa a bakin murhu. Su jaji, matan da ta naɗa wa malfa su shugabanci 'Yan Taru, wato ƙungiyar ɗalibanta mata, su suka riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka, ga matan da ba su iya karatun ajami ba.

Lambobi kuwa da ramzi ake riƙe su. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa, kuma malaman ƙasar Hausa lissafin Magrib suke bi, inda shin ke da 1000. Ra 200 ce, lam 30, ba 2. A haɗa huɗun, an sami 1232, shekarar Hijira da Shehu ya rasu, wato 1817. Shi ya sa marubuci kan rufe waƙarsa da wata 'yar kalma da ke ɗauke da shekarar da ya gama ta. Da irin waɗannan kalmomi masana tarihi ke gane lokacin rubuce-rubucen Daular Sakkwato a yau.

Mayar da lamba harafi ya sami wani amfani daban a Turai, wajen masu dabo da karta. A 1927 aka buga tsarin Louis Nikola a Ingila, wanda ke ba kowace karta da kowane matsayi daga 1 zuwa 52 kalma, sai a ƙulla kalmomin biyu da hoto a zuci. Ɗan kallo ya ce karta ta 17, mai dabo ya faɗe ta ba tare da ya duba ba. Simon Aronson a Amurka ya fitar da nasa jerin a 1979, Juan Tamariz na Sifaniya kuma ya biyo da Mnemonica, kuma su biyun ne jerin da masu wannan sana'a suka fi haddacewa yanzu.