Bindiga a Birnin Kano: Daga Fagen Fama Zuwa Hawan Sallah

Ba a auna kyawun bindiga sai an san aikin da za ta yi. Masu wasan harbin fenti, wanda aka fara a jihar New Hampshire ta Amurka a 1981 da wata bindigar da ake yi wa itatuwa da shanu alama, suna duba nauyinta da yawan ƙwayoyin fentin da take ɗauka. Sukan kuma ƙayyade gudun ƙwayar zuwa kimanin ƙafa 300 a daƙiƙa, don kada ta yi rauni. A wurinsu, bindigar kirki ita ce wadda ba ta kisa. Birnin Kano ya iso ga irin wannan ma'auni tun kafin su, amma ta hanyar yaƙi.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), tare da garkuwoyin Nufe. Ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768–1776) ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron lafiyarsa. Abin lura shi ne, a fada bindiga ta fara samun gindin zama, kusa da jikin sarki, kafin ta zama abin dogaro a fagen fama.

Akwai dalili. Bindigar wancan zamani, wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna, a sa harsashi, sannan ƙanƙara ta ba da wuta. Kafin a sake ɗura ta, ɗan baka ya saki kibiya da dama masu dafi. Da damina albarushi kan jiƙe, ga tsada, ga shi idan ɗuri ya yi yawa bututun kan fashe a hannun mai shi. Fifikonta a ƙara da hayaƙi yake, masu firgita doki da mahayinsa. Saboda haka doki da mashi da baka suka ci gaba da zama ƙashin bayan rundunar Kano, sarakuna kuma suka damƙa bindigogi a hannun amintattun bayin fada, don kada hakimai su yi ƙarfin da ya wuce kima.

Sarki Alu Babba (1894–1903), wanda ake yi wa laƙabi da Mai Sango, ya ba bindiga muhimmanci. Sai dai zaɓin da ke gabansa ƙuntatacce ne. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani ga mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin masu ɗurin baki. Wato mai sayarwa ne ya riga ya zaɓar wa mai saye.

Sakamakon ya bayyana ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da rundunar Kanar Morland ta tsaya a bayan ganuwa, Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Maharan ba su kai dubu ba, amma suna da igwa da bindiga mai ruwa, wato Maxim, mai aman harsashi ɗaruruwa a minti guda. Ganuwa ta yi abin da za ta iya, domin igwa ta kasa rusa ta a farmakin farko, sai da aka koma Ƙofar Kabuga aka fasa. Makonni kaɗan bayan haka, a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya faɗi tare da mahayan da suka tunkari wutar bindiga da takobi da mashi.

Daga nan adaka ta fita daga sahun makaman yaƙi, amma ba ta bar birni ba. Ta koma hannun maharba, ta kuma riƙe matsayinta na asali a fada. A hawan Sallah da hawan Daushe da na Nassarawa, 'yan bindiga suna cikin tawagar Sarki, suna ɗura albarushi zalla su harba sama. Siffofin da suka kasa kare birnin su ne yanzu abin nema: rugugin da ke sanar da fitowar Sarki, da hayaƙin da ke turnuƙe Ƙofar Kudu. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Ko da ba harsashi, albarushi wuta ne, kuma tsohon bututu na iya tsagewa a cikin taron jama'a. Shi ya sa gwanin ɗan bindigar fada yake auna ɗurinsa, kamar yadda mai filin harbin fenti yake auna gudun ƙwaya kafin ya bar kowa ya shiga.