Gine-ginen Zamanin Numairi a Ƙauyukan Hausawa na Sinnar da Jazira

Hausawa da Fulani sun daɗe a gaɓar Shuɗin Nilu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi ƙaura da jama'arsa zuwa Sudan, ya kafa garin Mai Wurno a kudancin Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman auduga a Jazira ya jawo ƙarin 'yan ƙodago daga yamma.

A ranar 25 ga Mayu, 1969, Ja'afar Numairi ya ƙwaci mulki da aƙidar gurguzu. Dokar ƙananan hukumomi ta 1971 ta kafa majalisun ƙauyuka, sannan tsarin mulkin 1973 ya mayar da jam'iyyar gurguzu ta Sudan jam'iyya ɗaya tilo. Da yake aljihun gwamnati bai kai burinta ba, sai ta dogara ga taimakon kai da kai: jama'a su tara kuɗi, su buga tubali, su gina makaranta ko ɗakin shan magani, hukuma kuma ta turo malami ko ma'aikacin lafiya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin abin da Larabawan Sudan ke kira nafir shi ne gayya.

Sai dai rabon bai zo daidai ba. Ƙauyen da hukuma ta san da zamansa yakan sami izinin gini. Su kuwa mazauna kambo, wato sansanonin 'yan ƙodago a gefen gonakin Jazira, ba su mallaki ƙasar da suke zaune a kai ba, don haka galibinsu suka tashi a tutar babu.

A watan Afrilu na 1985 aka hamɓarar da Numairi, aka rushe jam'iyyarsa, amma makarantun suka ci gaba da aiki, saboda masu su ne suka gina su. Daga baya aikinsu ya zarce karatu. Lokacin rikicin jihar Shuɗin Nilu a 2022, Hausawa da dama sun gudu zuwa jihar Sinnar, makarantu na cikin wuraren da suka fake. Haka kuma bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023, azuzuwa suka sake zama masaukin 'yan gudun hijira, yara kuwa suka rasa wurin karatu.