Sanƙarau da Rabon Allurar Rigakafi a Ƙasar Kebbe da Tambuwal

Ƙasar Kebbe da Tambuwal tana kudancin Jihar Sakkwato, tana iyaka da Jihohin Kebbi da Zamfara. Tana kuma cikin yankin nan da masana suke kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har Habasha. A nan cutar takan tashi da hunturu, ta yi tsanani da bazara, ba ta lafawa sai ruwa ya sauka. Tarihinta ya nuna cewa samuwar allura a duniya daban, isowarta ga talakan ƙauye daban.

Cikin shekarar 1996 aka yi babbar annoba ta nau'in da likitoci suke kira A. A Nijeriya kaɗai fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, galibinsu a Arewa. Akwai allura a lokacin, amma kariyarta ba ta daɗewa, ba ta kuma kama jikin jarirai sosai. Saboda haka ba a kawo ta sai cuta ta riga ta ɓarke, watau ihu bayan hari. Kamfanonin Turai da Amurka suna da sanin yin wadda ta fi ta, sai dai ba su ga riba ga yi wa matalauta ba.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne yanke farashi tun kafin a yi allurar. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka nemi wanda zai yi ta a kan abin da bai kai rabin dalar Amurka ba, kamfanin Serum na Indiya ya karɓa. Aka fara yin MenAfriVac a Burkina Faso cikin Disamba 2010, ta shigo Arewacin Nijeriya daga 2011. Tana iya yin kwana 4 ba a cikin firji ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyen da ba shi da lantarki. Cikin 'yan shekaru nau'in A ya kusan ɓacewa.

Amma fa allurar nau'i ɗaya kaɗai take karewa. A 2013 wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla a Jihar Sakkwato, a 2014 ya bayyana a Jihar Kebbi, a 2015 ya yi ɓarna a Yamai. Daga ƙarshen 2016 zuwa daminar 2017 ya taso daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina, aka ƙidaya fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka mutu. Abin lura shi ne, tun 1999 ake yi wa yaran Ingila allurar wannan nau'i. Shekara 18 ke nan da samuwarta, duk da haka sai da Nijeriya ta roƙa daga rumbun ajiya na duniya, abin da ke ciki kuwa bai kai bukata ba. Dole aka zaɓi wuraren da cutar ta fi tsanani, saura suka jira.

Sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar da ke kare nau'i 5 gaba ɗaya, ita ma daga kamfanin Serum.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma rigakafin da ya iso bayan jana'iza bai cika sunansa ba. Ya kamata ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su riƙe cewa farashin allura da lokacin isowarta shawara ce da mutane suke yankewa a ofis. Wanda ya jinkirta takardar neman allura ko kuɗin man motar kai ta har bazara ta kama, ya yanke wa yaran Kebbe hukunci tun daga kan teburinsa.