Yadda Ciniki Ya Shiga Jami'o'in Amurka

A ƙasar Amurka karatun jami'a da kuɗi ake yin shi, kuɗi kuwa ba kaɗan ba. Shi ya sa tun da daɗewa suke da taimakon ƴan makaranta, irin wanda muke ce ma burs. A shekara ta 1643 wata mata ƴar Ingila ta ba makarantar Harbad fam 100 don a ɗauki nauyin ɗan talaka.

Bayan yaƙin duniya na biyu masu neman karatu suka yi yawa, sai gardama ta tashi. Wa za a ba taimako, yaro mai ƙwazo ko yaron da ubansa ba shi da hali? A 1954 jami'o'i suka shirya hanya guda ta lissafin abin da gida zai iya biya. A 1955 kuma aka kafa wata ƙungiya mai yin jarrabawa, tana ba zakaru kyauta.

Manyan makarantun arewa maso gabas suka zaɓi bin hali. Su 23 ne, har da Harbad, da Yel, da makarantar fasaha ta MIT. Kowace shekara wakilansu kan zauna su duba takardun yaron da makaranta biyu ko uku suka karɓa, su daidaita abin da ubansa zai biya. Duk ƙofar da ya je, kuɗin kusan ɗaya ne, ba wurin tayi. Hujjarsu ita ce, in aka shiga rububin yara masu ƙwazo, kuɗin da za a ba talaka zai tafi wurin ɗan mai hali.

Gwamnati ba ta ga haka ba. A wurinta wannan daidai yake da dillalan kara su haɗa baki su yanke ma rago kuɗi guda, abin da doka ta hana tun 1890. Ta soma bincike a 1989, ta kai ƙara a 1991. Makarantu takwas suka sa hannu sun daina. MIT kaɗai ta ƙi, aka yi ta shari'a, sai a ƙarshen 1993 aka sasanta.

To, daga nan fa kasuwa ta buɗe. Uba ya samu takardar wannan makaranta, ya samu ta waccan, sai ya rubuta ma ta farko cewa ga abin da aka rage mani can, ku me za ku yi? Wata ta ce albarka, wata ta sallama. Su ba su son a kira shi ciniki, sake duba takarda suke cewa. A 1993 jihar Jojiya ta fara ba masu maki mai kyau burs daga kuɗin caca, wasu jihohi suka bi ta.

A ganina tsoron makarantun nan ba banza ba ne, ko da yake su ma suna kāre aljihunsu. Wanda ya iya tayin nan shi ne mai uban da ya yi karatu, ya san rubuta wasiƙa. Ɗan leburan gona abin da aka yanka masa shi yake karɓa.

Majalisa ta yi wata doka a 1994 da ta bar makarantun da ba su duban aljihun yaro wajen ɗauka su riƙa shawara a kan hanyar lissafi. A 2022 tsofaffin ƴan makaranta suka kai jami'o'i 17 ƙara a kan sun wuce gona da iri, kuma cikin shekarar nan wa'adin dokar ya cika, ba a sabunta ta ba.