Yadda Aka Samo Gwajin Ƙwayar Cutar Epstein-Barr

Ƙwayar cutar Epstein-Barr tana cikin dangin hapis, kuma ita ce bairos ta farko da aka gano tana da hannu a sankarar ɗan Adam. Ta miyau take yaɗuwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita, galibinsu lafiya lau.

Asalin binciken daga Afirka ya taso. A 1958 likitan fiɗa Denis Burkitt, da ke asibitin Mulago a Kampala, ya yi bayanin wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da damshi. Ita ake kira sankarar Burkitt. Anthony Epstein ya saurari laccarsa a Landan a 1961, ya nemi a riƙa aiko masa da naman ciwon daga Yuganda. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga ƙwayar da madubin bincike mai aiki da lantarki.

Najeriya ma ta taka rawa. A 1963, a Ibadan, Robert Pulvertaft ya raini ƙwayoyin sankarar wani yaro a ɗakin gwaji, suka ci gaba da hayayyafa. Su ake kira Raji, kuma har yau masu bincike a duniya suna aiki da su.

Gwajin jini ya zo a 1966, lokacin da Werner da Gertrude Henle na Filadelfiya suka samo hanyar gane sinadaran kariya da jiki ke yi wa ƙwayar. Gwajin ya nuna cewa masu lafiya ma suna da su, don haka samunsu a jini ba ya nufin sankara. A 1970 Harald zur Hausen ya gano sinadarin gadon ƙwayar a cikin naman sankarar Burkitt da na sankarar bayan hanci. Daga 1999 Dennis Lo na Hongkon ya nuna ana iya auna yawan wannan sinadari a jini, a bi sawun sankarar bayan hanci.

A ɓangaren yaran Afirka kuwa, bincike ya nuna yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro yana raunana garkuwar da ke danne ƙwayar. Wannan ya shafi garuruwa irin su Sahon Rami a ƙasar Kontagora, inda sauro ke yawa da damina. Kumburin muƙamuƙi kan yi kama da hangum ko ciwon haƙori, amma na sankarar Burkitt girma yake yi cikin makonni, yana girgiza haƙora. Ana tabbatar da shi ne ta hanyar tsakuro nama a duba, a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ciwon yana jin magani sosai idan an kai yaro da wuri.